Yadda Na Kayar da Darakta da Turancin Wani

Karatuna na boko a aji uku ya tsaya, kuma ba ni na tsayar da shi ba, malamin ne ya ce in je gida in huta. Duk da haka na taɓa yin kwas na Turanci tare da manyan ma'aikata a Abuja, ina zaune a gaba, dab da allo. Aikina a ajin shi ne buga ƙararrawa.

Lokacin soja sun koma bariki, farar hula sun karɓa, mai ya yi tsada a duniya, kuɗi ya shigo gari. Duk inda ka juya gini ake yi. Kangon da ka wuce da safe, kafin ka dawo da yamma an kewaye shi da kwano an sa maigadi. Wayar hannu ta shigo, har direbobi sun rataya tasu a wuya. A ma'aikatarmu kuwa abin da ya fi yawa shi ne kwas. Akwai kwas na kwamfuta, akwai na shugabanci, har da wani da aka yi a otal na yadda ake kama lokaci, wanda aka fara a makare. Ni masinja ne a hawa na bakwai, mai kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan. Ba a taɓa tura ni kwas ba, sai dai in ɗauki katan ɗin ruwa in kai musu.

Wannan kwas ɗin da nake magana dalilinsa daban. Ana shirin tura tawaga ƙasar waje a zauna da wasu Turawa a kan wata yarjejeniya, sai aka lura cewa mutanenmu in sun je irin wannan zama, su gaisa da kowa, su yi murmushi, su dawo da abin da aka ba su. Ba rashin Turanci ba ne. Turancinsu ya ishe su har ya yi saura, akwai wanda in ya saki kalma ɗaya sai na kai fayil na dawo bai gama ta ba. Abin da suka rasa shi ne su yi musu da shi har su shawo kan mutum. Sai aka ɗauko wata dattijuwa 'yar Filato wadda ta yi ritaya daga koyarwa a jami'a, aka ce ta koya musu muhawara. Wanda ta ba shaidar ya iya, shi za a sa a tawaga. Kowa Malama yake ce mata, har Darakta, don shi ma an ce daga sama sai ya zauna a ajin.

Ita ta ce a nemo mata mai ƙararrawa. Mai magana yana da minti biyar, in sun cika sai in buga. Agogon bango nake kallo, doguwar sandar nan in ta tashi daga wannan lamba ta sauka a ta gaba. Wanda ke amsa gaisuwata da kyau nakan ɗan yi masa ƙari. Malama ta gane, amma tana son shayin da nake haɗa mata.

A wajen shan shayin nan ne ta fassara mini abin da take koya musu, da Hausarta ta Jos.

"Baba, abin ba wuya. Ka fara faɗin abin da kake so, kar ka zagaya. Ka kawo dalili. Ka kawo misali wanda mutum zai gani da ido. Sai ka ɗauko magana mafi ƙarfi da abokin hamayyarka zai faɗa, ka riga shi faɗa, ka yarda da gaskiyar da ke ciki, sannan ka juya ta a kansa."

Na ce, "Malama, ai wannan shi matata take yi mini tun da na aure ta, kuma ba wanda ya ba ta alawus."

Ta ce in kawo matata ta taya ta, don ita ta gaji.

Gajiyar tana da dalili. Ranar da aka yi muhawara ta farko, an haɗa wani mataimakin darakta da wani ƙaramin jami'i. Mataimakin darakta ya yi maganarsa ya zauna. Ƙaramin ya tashi, ya gode wa Allah, ya gode wa gwamnati, ya gode wa Malama, ya ce ogansa ya riga ya faɗi komai, shi ba abin da zai ƙara sai addu'a. Ya zauna. Sandar agogo ko motsi ba ta yi ba. Na jira ta kai inda za ta kai, ajin tsit, sannan na buga ƙararrawa, don ni aikina nake yi.

Haka aka ci gaba. Kafin a buɗe baki ka san wanda zai yi nasara, ka duba matakin albashinsa kawai. Malama ta hana kiran muƙami a aji, ta ce kowa a ce masa mai magana na farko ko na biyu. Sai suka koma cewa mai girma mai magana na farko. Ta ce a kalli abokin hamayya cikin ido. Masu ƙarfin hali suka kai har maɓallin wuyan rigarsa. Wata rana ta sa suka juya wa juna baya, kowa na kallon bango, don kar a ga fuska. Abin ya fara tafiya, sai Darakta ya yi gyaran murya, wanda ke musu da shi ya ce ya janye.

Wanda ya janye ɗin nan shi ne Ango. Ba sunansa ba ne, aure ya yi a shekarar da ya kama aiki, sunan ya bi shi har matar ta yi haihuwa biyu. Ɗan garinmu ne, na san mahaifinsa tun muna kai gyaɗa kasuwa. A rubuce ba wanda ya kama ƙafarsa a ajin. Malama takan ɗaga takardarsa ta karanta musu, ta ce wannan shi ake nema. Amma da an ce ya tashi ya faɗa a gaban manya, sai ya zama kamar an jiƙa shi da ruwa. Ya daɗe a mataki ɗaya, sa'o'insa duk sun wuce shi, kuma kowa ya san shiga tawagar nan ita ce ƙofar da ta rage masa.

Sai dai Darakta ne ya samo masa aikin. Darakta ne ya karɓar masa aure. Kuma a ɗakunan bayan gidan Darakta yake zaune da iyalinsa, a unguwar da ko kaza ba ta samun wurin kwana kyauta. Da safe kafin su fito sai ya durƙusa ya gaishe shi.

Jarrabawar ƙarshe muhawara ce a gaban kowa, har da baƙi daga wasu sassa. Malama ta ce ba za ta ba su batun ƙasashen duniya ba, don mutum ba ya shawo kan wani a kan abin da bai dame shi ba. Daga cikin gidan ta tsamo batutuwa. Aka rubuta sunaye a 'yan takardu, aka zuba a hulata, aka kaɗa. Ni na zaro, kuma Allah ya sani ban iya karatu ba balle a ce na zaɓa. Sai ga Ango an haɗa shi da Darakta. Batunsu shi ne lif.

Lif ɗaya ne ke aiki a ginin, kuma akwai takarda manne a jikinsa cewa daga mataimakin darakta zuwa sama ne kawai za su shiga. Sauran mu matakala. Darakta ne da kansa ya kafa dokar, yana kuma ji da ita. Shi zai kare ta, Ango zai rushe ta.

Malama ta kira Ango gefe, ina tattara kofuna ina ji. Ta ce masa, "Kai yaro, kana da kai. Amma in ka tashi ran nan ka ce ka yarda da shi, wallahi sifiri zan ba ka, kuma ba za ka shiga jirgi ba. Ni ba uwarka ba ce."

Tun daga ranar ya fara rama. Ya ce zai riƙa gwaji da ni, tunda ni ba ogansa ba ne. Muka tsaya a kwanar matakala, ya ce in faɗi duk abin da na ga dama, shi kuma zai musa. Na ce masa Dutsen Zuma ina nan aka kawo shi a tirela daga Jos.

Ya kalli ƙasa, ya ce, "Ikon Allah. To, Baba, kun riga mu zuwa garin."

Na ce kifi a ƙasa ake shuka shi, kamar rogo. Ya ce mai yiwuwa akwai irin wannan. Ashe ni ma furfura ta hana shi. Ban ɓoye muku ba, kwanakin nan na ji daɗin rayuwa. Mai digiri biyu yana gyaɗa mini kai a kan duk shirmen da ya zo bakina. Na faɗi abubuwa da dama da na daɗe ina son in faɗa wa wani.

Ranar Asabar kafin jarrabawar ya biyo ni gida Mpape. Ya ajiye motarsa can ƙasa inda hanya ta ƙare, ya hauro da ƙafa ta cikin lungu, takalminsa ya yi fari da ƙurar fasa dutse. Ya same ni a ƙofar ɗaki ina shan rake. Ya ce shawara ya zo nema.

Na ba shi shawarwari masu kyau. Na ce ya kwanta ciwo ranar. Ya ce Malama ta ce wanda bai zo ba ya faɗi. Na ce ya kai mata zabi biyu. Ya ce Baba wannan zamanin ya wuce, na ce a'a, farashin ne dai ya tashi. Na ce to ya je ya roƙi Darakta izini tun kafin ranar. Ya ce ya je. Darakta ya yi dariya ya ce, "Haba Ango, ai karatu ne, ka faɗi duk abin da kake so." Mu biyu muka kalli juna, don duk mun san in babba ya ce ka faɗi duk abin da kake so, yana nufin yana sauraro ya ji ko za ka faɗa.

Shawarata ta ƙare, sai na koma mita, wadda ita ce ainihin sana'ata. Na ce, "Ni da nake hawa benen nan da fayil a ka, da ina da Turanci da na gaya masa gwiwata ta ƙare."

Ya ɗago kai. Ya ce, "Baba, in gaya masa?"

Na ce, "Gaya masa mana."

"Aikena kake yi?"

"Na aike ka."

"Tsakani da Allah, Baba, kai babana ne, ka aike ni wurin Darakta?"

Na tofar da ɓawon rake na ce, "Kai, na aike ka. Ka ce ni na ce."

Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya yi mini sallama, ya gangara da sauri. Ni kuwa na ci gaba da rakena, ina ganin na lallashi yaro.

Ya kamata a ce ni na fara ganewa, tunda aikina ne. A wajenmu ƙarami ba ya musu da babba, amma in babba ya aike shi wurin wani babban, dole ya isar, kuma ba a kama shi da abin da ya faɗa. Ni kaina na sha tsayawa gaban masu manyan kujeru in ce, an ce in ce maka in fayil ɗin nan bai fito yau ba ka nemi wani aikin. Su ce to, a ce sun ji. Har su ba ni na goro. Amma ranar rake ya fi ƙarfin hankalina.

Ranar jarrabawa ɗakin taro ya cika. Darakta ya fara, cikin babbar riga mai aiki har ciki. Ban ji abin da ya ce ba, Turanci ne, amma ya faɗa da kyau, yana ɗaga yatsa, yana sauke gilashi yana mayarwa. Na ƙara masa lokaci yadda ya dace da matsayinsa. Aka tafa.

Ango ya tashi. Ya fuskanci Darakta ya ɗan rusuna, ya yi wata gajeriyar magana, sai ya miƙa hannu ya nuna ni. Duk ɗakin suka juyo. Na ji kalmar masinja, na ji Baba. Na ɗauka godiya yake yi mini a kan ƙararrawa, sai na miƙe na dunƙule hannu na jinjina wa jama'a, na zauna.

Daga nan yaron nan ya buɗe baki. Ban taɓa jin muryarsa ta fito haka ba. Yana kallon Darakta ido cikin ido, yana ƙirga da yatsu, ya ɗan yi ƙasa da murya kamar mai ba da haƙuri, sai kuma ya ɗaga. Kowane ɗan lokaci sai ya sake nuna ni, ni kuma in gyaɗa kai, don mutum ba ya zama kamar gunki ana ambatonsa. A wani wuri aka fashe da dariya, na taya su. Malama ta ajiye biro ta riƙe haɓa. Na manta da agogo gaba ɗaya, sai da ta yi mini alama sannan na buga.

Tafin da aka yi ya fi na Darakta, kuma ƙananan ma'aikata da ke tsaye a baya har da fito. Darakta bai tafa ba. Ya juyo ya dube ni, ya ce da Hausa, "Baba, kai ka aiko shi?"

Ina iya cewa wasa nake yi, rake nake sha. Amma tun da uwata ta haife ni ba a taɓa tafa mini ba, kuma ga shi ana yi, wasu har suna kallona da girmamawa. Na gyara hula na ce, "Ni na aiko shi, ranka ya daɗe. Duk abin da ya faɗa daga bakina ya ɗauka."

Ya ce, "Duka?"

Na ce, "Har ma ya rage wasu."

Sai bayan an watse na je wurin sakatariyar Darakta, wata Hajiya mai son labari, na ce ta gaya mini abin da na ce. Ta rufe ƙofa tukuna.

Ashe na fara da cewa a cire takardar nan daga jikin lif, yau ba gobe ba. Na ce gwiwata ta ƙare a hidimar gwamnati, wannan kam na san nawa ne. Sannan na ce na san Darakta zai ce lokacin manya ya fi na ƙanana tsada, kuma na yarda, minti ɗayansa ya fi yinina. Amma, in ji ni, Darakta yana shiga lif ya isa ofis cikin ƙiftawar ido, ya zauna, ya rasa abin yi, domin fayil ɗin da zai sa wa hannu yana can hawa na biyu a kan wani tsoho yana haki. Dokar da aka yi don a tsare lokacin Darakta ita ce ke cinye shi. Na ce lif ɗin yana kai mutum sama ya bar aikinsa a ƙasa. A nan aka yi dariyar da na taya. Na kuma rufe da cewa shugaba na gari ba ya jin kunyar gyara dokar da ya kafa da hannunsa.

Na ce, "Hajiya, ni na faɗi wannan?"

Ta ce, "Kai ka ce kai ne. Har ka ce an rage."

Na yi tunani a kai. Gaskiya maganar ta burge ni. Ban san ina da irin wannan hankalin ba.

Malama ta ba Ango maki mafi yawa a ajin, sunansa ya fito a tawaga. Ta ce da ni ba haka ta koyar ba, amma duk matakan suna ciki, ba wanda ya tsallake. Ango ya je gida da yamma ya durƙusa, ya ce wa Darakta a gafarce shi, babansa ne ya aike shi, ba yadda zai yi. Darakta ya dafa kansa ya ce ai ba shi da laifi, yaron kirki ne mai isar da saƙo, kuma Turancin ya fita. Ranar tafiya a motar Darakta aka kai shi filin jirgi. Iyalinsa suna nan a ɗakunansu, ba wanda ya ce musu komai.

Ni kuma aka kira ni ofis. Darakta ya ce in zauna a kujera, abin da bai taɓa yi ba, har ya sa aka kawo mini lemo. Ya ce, "Baba, maganarka ta shige ni. Ni ba na ƙin gaskiya."

Ya ce ya yi gyara biyu. Na farko, daga yau fayil zai riƙa shiga lif. Masinja ya ɗora shi a ciki, ya danna lamba, ya fito, ya bi matakala ya tare shi a sama. Abokan aikina sun daɗe suna gode mini a kan wannan, don da a hankali suke hawa, yanzu kuma da gudu, kar wani ya riga su ɗauke fayil.

Na biyu kuma ya shafe ni. Ya ce bai san gwiwata ta kai haka ba, kuma ba zai yarda dattijo kamar ni ya ƙarasa nakasa a hannunsa ba. Akwai ƙaramin ofishinmu a Abaji, can kan hanyar Lokoja, gini ne na ƙasa, ko bene ɗaya babu. Ya riga ya sa hannu. Na ce Allah ya saka da alheri, na shanye lemon, don an riga an buɗe.

A Abaji na ƙarasa aikin gwamnati. Wuri ne mai sauƙin doya, kuma fayil bai cika zuwa ba, in ya zo ma daga wannan tebur ne zuwa wancan. Akwai dai wani ɗan dakali a bakin ƙofar ofishin da ake takawa a shiga. Bayan wasu watanni Darakta ya zo rangadi, ya tsaya ya dube shi, ya dube ni, ya tambaya cikin kulawa ko wannan ma yana damun gwiwata, don akwai wani wurin a gaba da ya fi nan shimfiɗa.

Na ce ko kaɗan, ranka ya daɗe. Na hau dakalin na sauka a gabansa, na sake hawa, da ƙafa ɗaya.